Damon Keith, alƙalin da ya ce wa gwamnatin Amurka ta buɗe ƙofa

Tambaya: Ina shekarar ƙarshe a karatun lauya. A wata muhawara kan yi wa waɗanda ake zargi da ta'addanci shari'a a asirce, na ji an jawo maganar wani alƙalin Amurka cewa dimokuraɗiyya kan mutu a bayan rufaffun ƙofofi. Wane ne shi? A Kotun Ƙoli yake? Waɗanne hukunce-hukunce ya yi, kuma maganar nan tasa tana da ƙarfin doka?

Amsa: Ƙanena, sunansa Damon Jerome Keith, kuma bai taɓa zama a Kotun Ƙoli ba. Alƙali ne a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya ta shiyya ta shida, wadda mazauninta ke birnin Cincinnati, take kuma sauraron ƙararrakin da suka taso daga jihohi huɗu: Michigan, Ohio, Kentucky da Tennessee. Maganar da ka ji tana cikin hukuncin da ya rubuta ranar 26 ga Agusta, 2002. Amma idan ka ɗauke ta ita kaɗai, za ka zaci salon magana ne kawai. Mutumin ya shafe sama da shekara talatin yana faɗa wa masu mulki abu guda kafin ya rubuta ta: idan kun ce kuna da dalilin tauye wa mutum haƙƙi, ku kawo dalilin a gaban kotu a gani, ba za a karɓi "ku yarda da mu" ba.

Kada rashin zamansa a Kotun Ƙoli ya sa ka raina matsayin. A tsarin tarayyar Amurka akwai kotunan gunduma 94 inda ake fara shari'a, sama da su akwai kotunan ɗaukaka ƙara 13, sannan Kotun Ƙoli mai alƙalai tara. Kotunan ɗaukaka ƙara kan karɓi ƙararraki wajen dubu arba'in a shekara, ita kuwa Kotun Ƙoli tana da 'yancin zaɓen abin da za ta saurara, kuma a 'yan shekarun nan ba ta cika wuce sittin zuwa saba'in ba. Ke nan ga kusan kowa, alƙalai ukun da suka zauna a kan ƙararsa a kotun ɗaukaka ƙara su ne ƙarshen magana. Akwai kuma bambanci da namu da ya kamata ka riƙe tun yanzu, domin zai dawo a gaba. A Najeriya Kotun Ɗaukaka Ƙara guda ɗaya ce mai rassa. A can kowace shiyya kotu ce mai zaman kanta, hukuncinta ba ya ɗaure wata shiyyar, har biyu kan iya saɓa wa juna a kan mas'ala ɗaya.

An haifi Keith a Detroit ranar 4 ga Yuli, 1922. Jikan bayi ne. Mahaifinsa ya baro jihar Georgia ya zo yin aikin ƙarfi a maƙerar kamfanin Ford. Ya gama kwalejin West Virginia State a 1943, aka ɗauke shi soja a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin rundunar baƙar fata zalla da fararen hafsoshi ke jagoranta. Ya sha faɗin cewa abin da ya tura shi karatun lauya shi ne ganin ana mutunta fursunonin yaƙin Jamus fiye da baƙaƙen sojojin da suka yaƙe su. Ya yi karatun lauya a Jami'ar Howard da ke Washington, ya kammala a 1949, a zamanin da Thurgood Marshall, fitaccen lauyan kare haƙƙin baƙar fata, da abokan aikinsa kan zo makarantar su gwada hujjojinsu a gaban malamai da ɗalibai kafin su shiga Kotun Ƙoli. Da ya koma gida, shara da goge-goge ya yi a ginin jaridar Detroit News yana shirin jarrabawar zama lauya. Matarsa Rachel Boone likita ce, a Laberiya aka haife ta. Ya shugabanci hukumar gidaje ta Detroit, ya zama ɗaya daga shugabanni biyu na hukumar kare haƙƙin jama'a ta Michigan, sai Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa shi alƙalin kotun gunduma a 1967, 'yan watanni bayan tarzomar Detroit da ta ci rai 43. Shugaba Jimmy Carter ya ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara a 1977. A 1995 ya koma sahun dattawan alƙalai masu rage yawan aiki, amma bai bar zama ba har ya rasu ranar 28 ga Afrilu, 2019, yana da shekara 96.

Rabin sunan da ya yi, a shekaru goma na kotun gunduma ya yi shi, saboda haka dole a fara daga can.

A 1970 ya yanke hukunci a ƙarar makarantun Pontiac, garin masana'antar motoci a arewacin Detroit. Wahalar shari'ar ita ce, a jihohin kudu doka ce a rubuce ta raba yara baƙaƙe da farare, a Michigan kuwa babu irin wannan dokar. Hukumar ilimin garin ta ce ba ruwanta, mutane ne suka zauna unguwa-unguwa, makarantu suka bi unguwanni. Keith ya bi taswira da takardun hukumar, ya duba inda aka gina kowace sabuwar makaranta, inda aka ja iyakar kowace, da inda ake tura baƙaƙen malamai. Ya gano cewa duk lokacin da aka sami damar haɗa yaran, sai a zaɓi filin da zai raba su. Ya ba da umarni a riƙa kwasar yara a bas ana kai su makarantun wasu unguwanni. Ranar 30 ga Agusta, 1971, ana dab da komawa makaranta, aka tarwatsa bas goma da nakiya a inda ake ajiye su, daga baya kuma aka sami wasu 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar fararen fata masu ƙin baƙaƙe, da laifin. Aka yi ta yi masa barazanar kisa har sai da jami'an tarayya suka riƙa gadin gidansa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin, Kotun Ƙoli ta ƙi taɓa shi.

Shari'ar da ta fi kowacce girma ta zo ana tsakiyar wannan. A watan Satumba na 1968 wani bam ya tashi a ofishin hukumar leƙen asiri ta CIA da ke Ann Arbor. Aka gurfanar da mutum uku 'yan wata ƙungiyar fararen matasa masu tsattsauran ra'ayi da ake kira White Panther: John Sinclair, Lawrence Plamondon da John Forrest. Lauyoyinsu suka nemi gwamnati ta faɗa ko ta naɗi maganganun wayar waɗanda ake tuhuma a asirce. Sai Antoni Janar na gwamnatin Nixon, John Mitchell, ya aiko da takardar rantsuwa. Ya amsa cewa an naɗi muryar Plamondon, kuma babu izinin wani alƙali. Hujjarsa ita ce shugaban ƙasa yana da ikon kansa na yin haka domin kare ƙasa daga ƙungiyoyin cikin gida masu neman kifar da gwamnati, shi Antoni Janar ne ya sa hannu a madadinsa, wannan kuwa ya wadatar.

Ka dubi nauyin abin. Gyara na huɗu a tsarin mulkin Amurka ya ce ba a binciken mutum ko gidansa ko takardunsa sai da izinin alƙali, shi kuma sai an nuna masa dalili mai ƙarfi. Mitchell bai musa wannan ba. Cewa ya yi idan aka ambaci tsaron ƙasa, wanda zai yi binciken shi ne kuma zai ba kansa izini. A watan Janairu na 1971 Keith ya ƙi. Ya ce ƙasar ta doka ce ba ta mutane ba, babu inda tsarin mulki ya ware wa shugaban ƙasa wata kafa a kan 'yan ƙasa, saboda haka naɗar ta saɓa doka, kuma dole gwamnati ta miƙa wa lauyoyin Plamondon abin da ta naɗa.

Gwamnati ba ta miƙa ba, sai ta kai ƙarar alƙalin kansa, tana neman kotun sama ta tilasta masa janye umarnin. Shi ya sa har yau lauyoyin Amurka ke kiran ta shari'ar Keith, domin shi ne wanda ake ƙara. Kotun ɗaukaka ƙara ta mara masa baya da biyu cikin uku. Ranar 19 ga Yuni, 1972, Kotun Ƙoli ta tabbatar, alƙalai takwas babu wanda ya tsaya wa gwamnati. William Rehnquist bai zauna ba saboda daga ma'aikatar shari'a ta Nixon ya fito. Wanda ya rubuta hukuncin, Lewis Powell, Nixon ne ya naɗa shi. Kwana biyu kafin nan aka kama wasu masu alaƙa da kwamitin yaƙin zaɓen Nixon da suka fasa ofishin jam'iyyar adawa ta Democrat a ginin Watergate da kayan satar sauraro. Gwamnati ta gwammace ta janye tuhumar maimakon ta bayyana abin da ta naɗa. Ka lura da iyakar hukuncin: barazanar cikin gida kawai ya shafa, Kotun Ƙoli ta bar batun 'yan leƙen asirin ƙasashen waje a buɗe, kuma wannan giɓin ne majalisa ta cike a 1978 da dokar FISA, wadda ta kafa kotu ta musamman mai ba da irin wannan izini.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne waɗanda suka amfana. Ba mutanensa ba ne, ba kuma mutanen da jama'a ke tausayi ba. Fararen samari ne da ake zargi da dasa bam, ɗayansu har ya shiga jerin mutum goma da hukumar binciken laifuffuka ta FBI ta fi nema. Alƙalin da bai cika shekara huɗu a kujera ba, baƙar fata, ana yi masa barazana kan Pontiac, yana da kowane dalili na lallaɓa gwamnati. Bai yi ba.

Sauran na wannan zamanin zan taƙaita. A 1971 ya sami garin Hamtramck da laifin fakewa da sabunta birni yana rushe unguwannin baƙar fata, ya ce a gina musu gidaje, ginin da ya ɗauki fiye da shekara arba'in ana jan ƙafa, da yawa cikin masu ƙarar ba su rayu sun gani ba. Wannan Hamtramck ɗin ne wanda a yau Musulmi suka yi rinjaye a majalisarsa, wanda kuma ya amince da kiran salla da lasifika a 2004. A 1973 ya ci kamfanin lantarki na Detroit Edison tarar dala miliyan 4 saboda nuna wariya wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, kodayake kotun sama ta soke ɓangaren tarar. A 1979, bayan an riga an ɗaga shi zuwa kotun ɗaukaka ƙara, ya halatta shirin magajin garin Detroit, Coleman Young, na ƙara wa baƙin saje ɗaya girma duk lokacin da aka ƙara wa fari ɗaya, bayan ya bi tarihin yadda rundunar 'yan sandan ta daɗe tana toshe wa baƙaƙe hanya.

A kotun ɗaukaka ƙara aikin ya sauya. Ba kai kaɗai ba ne, sai ka shawo kan aƙalla mutum ɗaya cikin biyun da ke gefenka, kuma tun daga zamanin Shugaba Reagan kotun ta riƙa karkata ga masu ra'ayin mazan jiya. Saboda haka wasu daga cikin rubuce-rubucensa mafi amfani, hukuncin saɓani ne, wato wanda aka kayar.

Misalin da nake son ɗalibai su karanta shi ne shari'ar Vivienne Rabidue a 1986. Ita kaɗai ce mace a sahun manyan ma'aikatan wata matatar mai a Michigan. Wani abokin aikinta ba ya rabuwa da zagin mata da kalmomin batsa, wasu kuma sun liƙa hotunan tsiraici a wuraren aiki. Alƙalai biyu suka ce wannan bai kai cin zarafin da doka ta hana ba, domin irin waɗannan abubuwa sun cika gari, kuma sai mace ta nuna abin ya taɓa lafiyar ƙwaƙwalwarta ƙwarai. Keith ya saɓa. Ya ce ma'aunin "mutum mai hankali" da kotuna ke amfani da shi, idan aka tona, idon namiji ne, kuma idan aka ce abin da aka saba shi ne ma'auni, to an bar masu laifin su yanka wa kansu iyaka. Ya ce a auna da idon mace mai hankali da abin ya faɗa wa. A 1991 kotun shiyya ta tara ta ɗauki wannan ma'auni. A 1993 Kotun Ƙoli baki ɗaya, a shari'ar Teresa Harris, ta yi watsi da sharaɗin sai an nuna rauni a ƙwaƙwalwa, kodayake ba ta ɗauki ma'aunin nasa da sunansa ba.

Yanzu ga wadda ka tambaya. Kwana goma bayan harin 11 ga Satumba, wato ranar 21 ga Satumba, 2001, babban alƙalin kotunan shige da fice, Michael Creppy, ya fitar da umarni. Duk shari'ar korar baƙo da ma'aikatar shari'a ta sa wa alamar "ta musamman", a rufe ta: ba 'yan jarida, ba dangi, ba 'yan kallo, kada ma a amsa wa mai tambaya ko shari'ar tana cikin jerin na ranar. Su waɗannan alƙalan shige da fice ma'aikatan ma'aikatar shari'a ne, a ƙarƙashin Antoni Janar John Ashcroft suke. Rahoton babban sufeton ma'aikatar da ya fito a 2003 ya ƙirga baƙi 762 da aka tsare a binciken harin, akasarinsu daga ƙasashen Musulmi, kan laifuffukan biza.

Ɗaya daga waɗanda umarnin ya faɗa wa shi ne Rabih Haddad, ɗan Lebanon mazaunin Ann Arbor, sananne a masallacin garin, yana kuma cikin waɗanda suka kafa wata ƙungiyar agaji mai suna Global Relief Foundation. Ranar 14 ga Disamba, 2001 aka kama shi saboda bizarsa ta ƙare, a ranar kuma aka rufe asusun ƙungiyar bisa zargin taimaka wa ta'addanci. Ranar zaman neman belinsa iyalinsa da 'yan jarida da jama'a suka zo, aka tare su a ƙofa ba tare da sanarwa ba, aka hana belin a ciki. Jaridun yankin, da Detroit Free Press a gaba, da ɗan majalisa John Conyers, da shi Haddad, suka shigar da ƙara. Mai Shari'a Nancy Edmunds ta kotun gunduma ta ba su gaskiya, gwamnati ta ɗaukaka, ƙarar ta faɗo gaban Keith da Martha Daughtrey da James Carr.

Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce, kuma duk wanda zai yi muhawara a kai ya kamata ya iya faɗinta da kyau. Ta ce bayanin da zai fito a zama ɗaya, kamar ranar da aka kama mutum, ta inda ya shigo ƙasar, ko abin da aka tambaye shi, shi kaɗai ba komai ba ne. Amma kamar ƙyallayen da ke zube a shagon tela, mai haƙurin tsinta zai iya haɗa su ya fitar da riga, ƙungiyar ta'adda ta gane me aka sani game da ita da me ba a sani ba. Don haka ba za a iya tantancewa ɗaya bayan ɗaya ba, sai a rufe duka. Ta ƙara da cewa shige da fice hurumin gwamnati ne, kotuna ba su cika sa baki ba.

Keith bai ƙaryata haɗarin ba. Ya amince cewa hana ta'addanci bukata ce mai girma ƙwarai, ya kuma amince ana iya rufe wani zama ko wani ɓangarensa. Ya bi ma'aunin da Kotun Ƙoli ta kafa a shari'ar Richmond Newspapers ta 1980, mai tambaya biyu. Shin irin wannan zama an saba yin sa a buɗe? Ya ce e, ƙa'idojin hukumar shige da fice tun 1965 sun ɗauka a buɗe yake sai in an sami dalili. Shin buɗewar tana inganta aikin? Ya ce ƙwarai, domin korar mutum daga ƙasa kan kai hukuncin ɗauri zafi ko ta fi, ga shi gwamnati ba ta ba baƙo lauya kyauta, sau da yawa ɗan jaridar da ke zaune a baya shi ne kaɗai idon da ke kan gwamnati. Laifin umarnin Creppy a wurinsa shi ne ya rufe komai a dunƙule, ba tare da alƙalin da ke zaune ya rubuta dalilin rufe wannan zaman na wannan mutumin ba. Game da batun ƙyallaye, ya ce hujja ce marar iyaka: idan aka karɓe ta a nan, da ita za a rufe kowace shari'a, har ta manyan laifuffuka. A nan ne ya rubuta cewa dimokuraɗiyya kan mutu a bayan rufaffun ƙofofi, ya ci gaba da cewa idan gwamnati ta fara rufe ƙofofi, ta fara zaɓar abin da jama'a za su sani daga bayanin da nasu ne, zaɓaɓɓen bayani kuwa ɓatarwa ne. Duk ukun suka sa hannu.

To amma ba a nan labarin ya tsaya ba, kuma masu jawo maganar kan manta da sauran. Mako shida bayan haka, a watan Oktoba na 2002, kotun shiyya ta uku da ke Philadelphia ta duba umarnin nan na Creppy ta halatta shi da biyu cikin uku. Mai Shari'a Edward Becker, alƙali mai daraja ƙwarai, ya ce tarihin buɗe zaman korar baƙi bai yi tsawo da ƙarfin da Keith ya ɗauka ba, kuma idan ana auna amfanin buɗewa dole a auna cutarwarta ga tsaro, abin da jami'an tsaro suka fi alƙalai sani. A watan Mayu na 2003 Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar. Shi kuwa Haddad, ba a taɓa tuhumarsa da laifin ta'addanci a kotu ba, amma ma'aikatar kuɗi ta sa ƙungiyarsa a jerin masu tallafa wa ta'addanci, kuma a watan Yuli na 2003 aka tasa ƙeyarsa zuwa Lebanon bayan wata goma sha tara a tsare. Hukuncin Keith ya buɗe masa ƙofar kotu, bai buɗe masa ta kurkuku ba, bai kuma ce ba shi da laifi ba.

Ni a ganina Keith ne ke da gaskiya, kuma dalilina ba daɗin maganar ba ne. Becker ya dogara da cewa jami'an tsaro sun fi sani, wannan haka ne. Amma Keith bai ce alƙali ya fi su sanin tsaro ba. Cewa ya yi su zo su gaya wa alƙalin, a asirce ma idan ta kama, shi kuma ya rubuta dalili, yadda gobe wani zai iya dubawa. Abin da ya ce wa Mitchell ke nan a 1971. Rahoton babban sufeton ma ya nuna cewa an tsare mutane da yawa watanni ba tare da wata alaƙa da ta'addanci ba, an kuma ci zarafin wasu a gidan yarin Brooklyn. Irin abin da rufaffiyar ƙofa ke ɓoyewa ke nan. A 2017 jaridar Washington Post ta sa taken "dimokuraɗiyya na mutuwa cikin duhu" a ƙarƙashin sunanta, kuma ɗan jaridarta Bob Woodward, wanda ya yaɗa maganar, ya danganta asalinta ga Keith.

Rubutunsa na ƙarshe da ya yi amo ya zo a watan Satumba na 2016, yana da shekara 94. Jihar Ohio ta yi dokokin zaɓe a 2014 da suka sa ana jefar da ƙuri'ar da aka aiko ta gidan waya ko ta wucin gadi saboda ɗan kuskure a adireshi ko ranar haihuwa, suka rage kwanakin gyara kuskure daga goma zuwa bakwai, suka kuma taƙaita taimakon da ma'aikacin zaɓe zai ba mai cike takarda. Wata ƙungiyar marasa matsuguni ta kai ƙara ta ci a kotun gunduma, amma abokan zaman Keith biyu suka soke akasarin nasarar. A cikin hukuncin saɓaninsa ya yi abin da ba a saba gani a kundin kotu ba: ya jera hotunan mutum sama da talatin da aka kashe a gwagwarmayar neman 'yanci, kowanne da ɗan tarihinsa. Akwai Emmett Till ɗan shekara 14, akwai Medgar Evers, akwai 'yan mata huɗun da bam ya kashe a cocin Birmingham a 1963, akwai Viola Liuzzo, farar mace 'yar Detroit da aka harbe a Alabama a 1965.

Masu sukarsa a nan suke kafa hujja. Sun ce alƙali ba ɗan gwagwarmaya ba ne, hoton mamaci ba ya amsa tambayar ko kwana bakwai sun isa gyara takarda, kuma tun daga Pontiac yana sa abin da zuciyarsa ke so a gaba. Sukan kuma nuna cewa kwasar yara a bas ba ta haɗa makarantun ba a ƙarshe, fararen iyalai ƙaura suka yi zuwa bayan gari, kuma a 1974 Kotun Ƙoli, biyar da huɗu, ta hana a bi su can da bas a shari'ar makarantun Detroit. Irin fifikon da ya halatta wa 'yan sandan Detroit ma, masu zaɓen Michigan sun haramta shi a 2006. Wannan suka tana da ƙanshin gaskiya a kan magungunan da ya rubuta. A kan gano cutar kuwa ban ga inda ta kama shi ba, domin hukunce-hukuncensa cike suke da taswira da alƙaluma da shaida, kuma kotunan sama masu alƙalan da ba ra'ayinsu ɗaya da shi ba sun tabbatar da manyansu. Hotunan ma suna da gurbi a doka: dokar haƙƙin zaɓe ta 1965 ana auna ta ne da duba tarihin wariya da halin da mutane ke ciki, shi kuma yana ganin abokan zamansa sun karanta dokar Ohio kamar ba ta da jiya.

Wani gadon nasa shi ne matasan lauyoyin da suka yi masa aiki a ofis. Jennifer Granholm ta zama gwamnar Michigan, Lani Guinier ta zama farfesa a Harvard, Jocelyn Benson ta zama sakatariyar jihar Michigan mai kula da zaɓe, Rashad Hussain kuma ya zama wakilin Amurka a Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi.

Sai ƙarfin maganar a doka. Ita jimlar kanta ba ita ce hukuncin ba. Abin da ke ɗaurewa shi ne ƙa'idar da ke ƙarƙashinta: ba a rufe zama a dunƙule, sai ɗaya bayan ɗaya, da rubutaccen dalili. Wannan ƙa'ida tana ɗaure kotunan tarayya a jihohi huɗun nan kawai, a New Jersey da Pennsylvania da Delaware hukuncin Becker ne ke aiki. A kotun Najeriya kuwa hujjar jan hankali ce kurum, alƙali na iya ɗauka, yana iya ajiyewa. Idan za ka yi amfani da ita a muhawararku, misali kan zaman farko na shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram da aka yi a barikin Kainji a watan Oktoba na 2017 ba tare da 'yan jarida ba, ka fara da sashe na 36 na tsarin mulkin 1999. Shi ya ce a yi shari'a a bainar jama'a, shi ne kuma ya ba kotu damar fitar da mutane saboda tsaro ko kare lafiyar wasu, ya ba minista damar gamsar da kotu cewa wani bayani bai kamata ya fito fili ba. Ka tsaya a kan wannan gamsarwar, domin a nan ne hanyar Keith ke shiga: wa aka gamsar, da wace shaida, kuma a kan wane zama. Ka kawo hukuncin Becker da bakinka kafin abokin karawarka ya kawo shi, sannan ka nuna dalilin da ya sa lafazin sashe na 36 ya fi kusa da na Keith.